Godiyata ga duk wanda ya tsaya wa yaran nan

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya bayan la'asar muka gama mayar da kujeru da tabarmin da muka aro, aka kwance rumfa, ƙofar gida ta koma yadda take. Sai yau na samu sukunin zama in rubuta abin da na kasa faɗa ranar Asabar. Waɗanda suka halarta sun gani, an miƙo mini lasifika, na yi bisimilla, murya ta sarƙe, sai Malam Liman ne ya karɓa ya rufe da addu'a. To ga maganar da ke bakina.

Alhamdu lillahi, an buɗe rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da gidan wanka da bahaya, waɗanda matasa biyar na unguwarmu suka gina a nan cikin birnin Zariya. Maza huɗu ne da mace ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ɗana ne. Ba zan kama sunan kowa ba, domin mafi yawan waɗanda suka taimaka sun roƙe ni kada in yi, wurin Allah suke neman ladansu. Kowa dai zai gane kansa.

Mafarin abin daminar 2021 ne, shekarar da cutar amai da gudawa ta yi ɓarna a ƙasar nan, aka lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu. Mu a gidanmu cikin dare ta shigo, ta kama jikata 'yar shekara huɗu. Kafin asalatu idanunta sun faɗa, abin da take zubarwa kamar ruwan da aka wanke shinkafa, in ka tsunkuli fatar cikinta ba ta komawa. Uwarta na kuka, ni na rasa abin kamawa. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta shigo ko takalmi babu, ta sa aka kawo dafaffen ruwa lita ɗaya, ta zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali, ta rungume yarinyar tana ɗura mata kaɗan-kaɗan, tana amayarwa tana sake ba ta, har mai Keke Napep ya iso muka kai ta aka yi mata ƙarin ruwa. Hajiya, da ke zan fara. Yarinyar nan yanzu tana firamare, kuma ita ce kika ga ta riƙe faranti da almakashi ranar Asabar. Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Mai Keken da ya ƙi karɓar ko sisi a daren nan, Allah ya yi wa nemanka albarka.

Yara biyu a layinmu ba su tashi ba. Allah ya sa masu ceton iyayensu ne.

Bayan kwana uku ɗana ya ɗauko igiya ya auna tsakanin rijiyar gidanmu da masai. Taku tara ne. Ya ce mini ƙa'idar da aka koya musu a sashen ruwa na Jami'ar Ahmadu Bello ita ce a bar tazarar mita 30, kuma gidaje nawa ne a cikin ganuwa ke da filin da za su bar mita 30? Gidajen gado ne, an raba an sake rabawa, rijiyar wannan tana jingine da masan wancan. In damina ta yi nisa ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin rami sai ya tsatso ya sadu da na sha. Ga guga da ake yarwa a ƙasa a sake jefawa, ga moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa a randa da hannunsa. Shekarata sittin da ɗoriya ina shan ruwan rijiyar nan, ban taɓa kallonta da wannan idon ba.

Akwai abin da ya zama dole in faɗa a bainar jama'a. Da ya gama bautar ƙasa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ni da abokaina sana'ar ruwa da banɗaki za mu yi," raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa duk wahalar karatun nan a kan masai za ta ƙare? Na yi kusan mako biyu in ya gaishe ni da ƙyar nake amsawa. Abin da nake gudu bai wuce bakin mutane ba, a ce ɗan Malam ya koma yasar shadda. Yayata ce ta zo har ɗaki ta zaunar da ni, ta ce in tuna daren da na ɗauki jikata a kafaɗa, in gaya mata ko a daren na damu da abin da mutane za su ce. Yaya, na gode. Kai kuma ɗana, na ba ka haƙuri a ɗaki, ina sake ba ka a nan.

Malam Liman, kai ka ƙarasa abin da Yaya ta fara. Makonni uku kana karantarwa a kan tsarki bayan magariba. Ka kawo hadisin da ya ce tsarki rabin imani ne, da wanda ya yi hani ga yin bahaya a kan hanyar mutane ko a inuwarsu, da labarin Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Daga lokacin aka daina yi wa yaran nan dariya a majalisa, ko kuma aka rage. Allah ya ƙara ilimi mai amfani.

Mai unguwa, ranka ya daɗe, kai ka shiga ka fita har magada suka yarda suka ba da kangon da ya zama juji shekara da shekaru. Magadan nan su goma sha ɗaya ne, wasu a Kaduna, wasu a Legas, haɗa kansu a kan magana ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Allah ya kai ladan kabarin mahaifinsu.

Sai jarrabawar da ta fi kowace tsanani. Kuɗin farko da yaran suka tara, har da na babur ɗin da ɗayansu ya sayar, an zuba su a haƙar farko. Injin ya kwana biyu yana ƙara, ƙura fara fat tana tashi, yara sun kewaye suna jiran su ga ruwa ya yi tsiri, ba a samu ko danshi ba. Wanda ya san Zariya ya san a kan dutse muke zaune, irin wanda ya fito fili a Kufena shi ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu, ruwa kuwa sai inda dutsen ya tsage ko ya ruɓe ake samunsa. Shi ya sa rijiyoyinmu ke ƙafewa da bazara, a wajen Maris da Afrilu, a koma bin 'yan garuwa. Mai haƙar ya ce ba sai an yi awo ba, ya san ƙasar, yaran kuma suka yarda don su rage kashe kuɗi. Ya naɗe kayansa ya tafi. A daren na ga ɗana zaune a zaure cikin duhu, tuwonsa ya huce a gabansa. Kashegari maganganu suka fara yawo, wasu har cewa suke an cinye kuɗin ne.

A nan ne matan unguwa suka ba ni mamaki. Uwar adashi ta tara su, suka yarda kwasar wata biyu a jere a ba yaran rance, ba ruwa, ba takarda, sai shaidar Allah. Masu ƙosai ne da masu ƙuli-ƙuli da masu kitso da masu saƙar hula, kuɗin da wata ke tarawa don kayan ɗakin 'yarta ne. Da na ce musu su yi tunani, ɗaya ta ce, "Malam, mu ne ke tashi da asuba neman ruwa, mu ne ke kwana a asibiti, mun riga mun yi tunanin." Iyayena, ƙannena, ban da abin da zan biya ku. An fara mayar da kuɗinku, kuma in Allah ya yarda kafin azumi za a gama.

Malaminsu na jami'a ya zo da na'urar awo da ɗalibansa biyu ranar hutunsa, suka wuni suna kafa ƙarafa a ƙasa suna ja da waya, ya nuna wani gefe da bai fi taku ashirin daga ramin farko ba. Nan aka samu ruwa. Bai karɓi ko kuɗin mai ba, kuma shi ya matsa aka kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha. Farfesa, Allah ya sa ka gama lafiya.

Wasu sun tambaye ni ranar taro, in don Allah aka yi, me ya sa ake karɓar kuɗi? Tambaya ce mai kyau. Ku zagaya unguwanni ku ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da aka buɗe da kiɗa da tafi, yau awaki ke kwana a gindinsu. Sau da yawa wata 'yar roba ce ta cinye a ciki, ko sarƙa ta tsinke, amma babu mai shi, babu asusun gyara, kowa na jiran wanda ya gina ya dawo. Yaran nan sun raba abin da ke shigowa kashi uku: albashin masu tsaron wurin da masu wanki, sabulu da kulorin da ƙananan gyare-gyare, sai ajiya don ranar da famfon zai mutu, domin zai mutu. Littafin lissafin yana nan a buɗe, duk wanda ya ga dama ya je ya duba. Ni dai a ganina wanda ya zo ya biya kuɗin jarkarsa kullum ya taimake su fiye da wanda ya yi musu kyauta sau ɗaya ya manta da su. Tsofaffi da almajirai ba sa biya, wani Alhaji ɗan kasuwar Sabon Gari ya ɗauki nauyinsu duk wata. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Kuma ba su ne farau ba. A Indiya wani bawan Allah, Bindeshwar Pathak, ya kafa ƙungiyar Sulabh a 1970, ya cika birane da banɗakunan da ake biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a shiga. Irin masansa mai rami biyu yaran suka kwaikwaya: in ɗaya ya cika a rufe shi kamar shekara biyu ana amfani da ɗayan, kafin a buɗe ya bushe ya zama taki. A Nairobi ta Kenya akwai kamfanin Sanergy da matasa suka kafa, suna kwashe bahaya daga unguwannin talakawa suna mayar da shi taki. Buƙatar kuwa ba ta da iyaka, domin mutum fiye da biliyan 2 a duniya ba su da tsabtataccen ruwan sha a inda suke, a Najeriya kuma kusan mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili. Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a 2018, Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili a 2022. Mu da muka manyanta mun ga kurkunu da idonmu, mun ga manomi kwance da damina ana naɗe tsutsa a tsinke. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa, ya bi ƙauyuka yana wayar da kai, a 2013 aka tabbatar babu kurkunu a Najeriya. Da tace ruwa da gyara wurin ɗiba aka kore shi.

'Yan garuwa, da farko kun ɗauka an zo raba ku da abincinku ne, har aka ɗan yi ka-ce-na-ce a bakin wurin. Yau ku ne manyan abokan cinikin yaran, kuna ɗiba da rangwame, kun kuma yarda a riƙa wanke jarkokinku da kulorin duk Juma'a. Na ga yadda kore ya fita daga cikin wasu jarkokin a wankin farko, na kuma ga ba ku ji haushi ba. Na gode muku. Birkila da ya yafe kuɗin kwana huɗu, mai walda da ya haɗa ƙarfen tanki a kan bashi, samarin da suka kwashe jujin nan da baro cikin rana, 'yan agajin da suka tsara zama ranar taro, malaman Islamiyyar da suka ba mu aron kujeru, Allah ya biya kowa.

'Yata, ke kaɗai ce mace a cikinsu, kuma ke kika dage sai an yi wa mata ƙofarsu daban ta bayan layi, da katanga mai tsawo, da fitila, da mace mai tsaro. Mazan ba su ga muhimmancin abin ba sai da kika gaya musu akwai matan da ke ƙin cin abinci da rana don kada buƙata ta kama su kafin duhu. Ni kaina ban san da haka ba. Mahaifinki kuma da ya bar ki kika yi, ya fi ni saurin fahimta, Allah ya saka masa.

Ana buɗe wurin daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe goma na dare. Masu rijiya a gida da ke son a auna musu tazara ko a zuba musu kulorin, su yi wa yaran magana a wurin, ranar Lahadi suke zagayawa. In an zuba a ruwan sha a jira minti 30 kafin a sha. Akwai kuma buta biyu da wata darduma shuɗiya da aka manta a rumfa, suna wurina a zaure.

Iyayen yaran nan biyu da muka rasa sun zo ranar Asabar, sun zauna a sahun baya. Ɗaya daga cikin iyayen mata ita ta fara tara bokitinta da aka kunna famfo. Allah ya jiƙan 'ya'yanku, ya ba ku haƙuri, ya haɗa ku da su a Aljanna.

Wassalamu alaikum.