Lissafi a bakin kwamin ninkaya

Talata. Hazo ya rufe gari tun asuba, a gadar Kawo ta Kaduna da ƙyar nake hango motar gabana. Ƙarfe tara na isa Malali, gidan wani Alhaji da na taɓa yi wa wayarin. Likita ne ya ce Hajiya babba ta riƙa tattaki cikin ruwa saboda ciwon gwiwa. Ga kwamin ninkaya a gidan, amma a hunturun nan wa zai tsoma tsohuwa ciki? Na sa hannu, yatsuna suka ƙage. Ma'auni ya nuna digiri 20.

"Hita kawai za ka sa mana," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, mu fara da biro tukuna."

A bayan takardar siminti na yi lissafin. Tsawo mita 10, faɗi 5, zurfi ɗaya da rabi: lita 75,000 ke nan. Ruwa akwai jinkiri wajen ɗaukar zafi, kowace lita dubu sai ta ci yunit 1.16 na wuta kafin ta hau digiri ɗaya tak. Muna son 28, wato 75 sau 8 sau 1.16, wajen yunit 700. Hita mai kilowat 15 sai ta yi kusan kwana biyu tana ci ba a ɗauke wuta ba. Da janareta kuwa, dizal ya haura lita 200. Alhaji ya gyara hula, bai ce uffan ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Maigadi ya nuna mini shatin ruwan jiya a jikin tayil, ya sauka kamar milimita 5. Lita 250 iska ta kwashe, kuma kowace lita da ta tashi tana tafiya da kusan yunit 0.68 na zafi. Yunit 170 kullum, tun ba a ɗumama ba! Yadda randa ke sanyaya ruwa ke nan, sai dai wannan randar bakinta murabba'in mita 50 ne, a buɗe, ga busasshiyar iska.

Na ce a fara sayen murfi, sannan mu shimfiɗa baƙin tiyo a rufin gareji, ruwan ya riƙa bi ta ciki rana ta taimaka wajen ɗumama shi. Da la'asar na biya kasuwar Panteka na ji farashi.

Zan fita Hajiya ta leƙo ta taga: "Ɗana, yaushe zan shiga?" Na ce, "In Allah ya yarda ba da daɗewa ba, Hajiya." Mun lulluɓe kwamin da tamfol. Gobe ƙarfe shida zan koma in sake aunawa.