Na Ga Kifin Shak Ido da Ido a Jidda

Bayan na kammala Umra na hau jirgin ƙasa na Haramaini daga Makka zuwa Jidda, wurin yayata da ke aure a can. Niyyata in leƙa kasuwar Balad in yi tsaraba in koma Kano, amma ɗanta ya kafe: "Kawu, wallahi ba za ka tafi ba ka ga kifin shak ba." Da la'asar muka kama titin Kurnish da ya bi gaɓar Bahar Maliya, har gidan kifi na Fakieh, wanda aka buɗe a 2013.

Daga zafin waje sai ka faɗa cikin sanyi da duhu-duhu, hasken ruwa kawai ke dukan fuskokin mutane. Akwai halittun ruwa wajen iri 200. Na wuce ƙananan kifaye masu launin ɗorawa da shuɗi ban daɗe ba, domin yaron yana ta jan hannuna zuwa wata hanya da aka rufe da gilashi, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a bisa kai.

Nan na tsaya cak. Wani shak ya taho a hankali ya ratsa ta samana, na ga farin cikinsa, na ga bakinsa can ƙarƙashin kai, da tsaga biyar a gefen wuya inda ruwa ke fita in ya yi numfashi. Ba gaggawa, ba hargowa, ƙananan kifaye na kai-komo a gabansa bai ko kula su ba. Subhanallah kawai nake maimaitawa. Kifi ne da babu ƙashi ko ɗaya a jikinsa, duk guringuntsi ne irin na kunnen mutum. Ba shi da jakar iskar da ke riƙe sauran kifaye a tsakiyar ruwa, sai ƙatuwar hanta mai cike da mai. Haƙoransa jeri-jeri ne, in na gaba ya faɗi na baya ya maye gurbinsa, har iya rayuwarsa. Wasu irinsu dole su yi ta iyo don ruwa ya riƙa shiga bakinsu, wasu kuwa suna iya kwanciya a ƙasa su yi numfashinsu lafiya lau.

Abin da ya taɓa mini zuciya shi ne yadda muka ɗauke shi dodo, alhali shi ne ke shan wuya a hannun ɗan Adam. Binciken da masana suka fitar a 2021 ya nuna fiye da kashi ɗaya bisa uku na ire-iren shak da danginsu suna fuskantar ƙarewa saboda kamun da ya wuce kima. Wani ma ƙegensa, wato fiffiken da yake iyo da shi, kaɗai ake yankewa don miya, a jefar da shi cikin teku da ransa. Wannan zalunci ne, ba sana'a ba.

Akwai wasan dolfin, wata dabbar teku mai kama da kifi, amma magariba ta kawo jiki, muka fita neman masallaci. A mota na ce wa yaron ya turo mini duk bidiyon da ya ɗauka ta WhatsApp. Ɗalibaina na aji biyar ba wanda ya taɓa ganin teku, kuma ranar Litinin da wannan zan buɗe musu darasin kimiyya.