Sai in jira ta dawo

Laraba da dare. Kwana huɗu ke nan muna asibiti. Inna ta sha kunu rabin kofi, alhamdu lillahi. Yaya bai samu zuwa ba, ya dai aiko da kuɗin magani.

Bayan magariba ina zaune a kan tabarma tsakanin gadaje biyu, 'yar tasbahar nan ta dannawa tana yatsana, ɗaya hannun kuma ina duba WhatsApp. Da na leƙa sai na ga lamba ta haura 1,000. Wallahi ban san sanda na yi su ba. Istigfari dubu, ko ɗaya ban ji saukarsa a ƙirjina ba.

Mama mai jinyar gadon kusa da mu kuwa tun kafin in fara take riƙe da carbinta mai ɗan gicciye a ƙasa. Idonta a rufe, ƙwaya ɗaya sai ta jima tsakanin yatsunta kafin ta sake ta. Nas ta shigo da keken magani yana ƙara, ko motsi ba ta yi ba. Da ta buɗe ido na ce, "Mama, naki ba ya ƙarewa ne?"

Ta yi murmushi. "Ɗiyata, goma-goma ne sau biyar. Kowace goma akwai abin da nake ajiyewa a gaban idona daga rayuwar Yesu da Maryamu. In zuciyata ta gudu gida wajen jikoki, sai in tsaya, in jira ta dawo."

Maganar nan ta ƙi barina. Aƙidarmu ba ɗaya ba ce, ta sani na sani, babu wadda ta ja wata. Amma natsuwar da na gani a fuskarta ai mu ma an bar mana gadonta. Manzon Allah (SAW) kafin saukar wahayi yakan hau dutse ya keɓe a Kogon Hira, ya yi darare. Aya ta 191 a Ali Imrana ta haɗa ambaton Allah da tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Imam Gazali ya bar kujerar koyarwa ta Nizamiyya a Bagadaza a 1095, ya tafi Dimashƙa yana kulle kansa a hasumiyar masallaci, saboda ya tuhumi niyyarsa. Baba ma, Allah ya jiƙansa, lazimin safe 300 ne kacal, istigfari da salati da hailala, amma sai shayinsa ya huce bai tashi ba, kuma ba mai yi masa magana.

Auta ya taɓa ba mu labarin Indiya, wai carbinsu ƙwaya 108 ne, kuma akwai wuraren da mutum ke miƙa wayarsa a ƙofa ya yi kwana 10 ba magana, yana bin numfashinsa. Dariya na yi ranar. Yau ban ji dariyar ba.

Bayan isha'i na cusa wayar cikin jaka, na cire na'urar, na kama da gaɓoɓin yatsu. A na bakwai zuciyata ta tafi lissafin kuɗin gwajin gobe. Na tsaya. Ta daɗe kafin ta dawo. Ina na goma sha biyu Inna ta ce in ba ta ruwa.

Likita zai zagayo ƙarfe takwas.