Daga Karofi zuwa Ƙofar Ruwa: Yini Guda a Bin Sawun Shara

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Kano ba. Ɗiyar ƙanwata ce, mai karatun digiri na biyu a Jami'ar Bayero, ta ishe ni da waya cewa tana neman babban da zai raka ta wasu wurare, don ita kaɗai ba lalle a saurare ta ba. Na baro Zariya bayan asuba. Kafin hantsi ya dubi ludayi ina Unguwa Uku, na tarar da ita riƙe da littafi da jaka cike da 'yan kwalabe.

A cikin adaidaita ta warware mini zancen. Su huɗu ne suka haɗa kai: ita daga sashen kimiyyar sinadarai, sai ɗalibin zanen gine-gine, da injiniya, da ɗan sashen tattalin arziki. Tambayarsu guda ce: abin da wannan sana'a ta zubar, wace sana'a ce za ta ɗauka? Na ce, "Wato dai jari-bola da digiri." Ta ce, "Kawu, bari dai mu isa."

Muka fara da karofin Ƙofar Mata, daura da asibitin Murtala. A bakin ƙofar an rubuta 1498. Rijiyoyin rini birjik, amma da yawa sun bushe, wasu ma leda ce ta cika su. Wani dattijo na zaune a bakin tasa, yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa. Ƙyallen kan fito kore-kore, sai ya sha iska tukuna ya juya shuɗi a gaban idonka. Na daɗe tsaye ina kallon wannan abu kamar yaro.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, in baban ya mutu, ina kuke kai laka?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Wace laka? Katsi kike nufi, 'yata."

Nan ya buɗe mana karatu. In rini ya ƙare ƙarfi, sai a kwashe abin da ya kwanta a gindin rijiya, a cura, a shanya, a ƙone. Wani a mayar da shi cikin sabon haɗi tare da baba da toka, saura kuma magina su saya. Su kuma sai su gauraya shi da gashin jima, wato gashin da majema suka kankare daga fata, su kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Laso ke nan, simintin mutanen da. Da shi ake shafe rufin soro don kada ya yi yoyo, da shi kuma ake dabe cikin rijiyar rinin kanta. Marini ya zubar, majemi ya zubar, magini ya tsince, abin ya zagayo ya dawo wa marini. Na saci kallon yarinyar, alƙalaminta har rawa yake.

"Yanzu wa ke saye?" in ji ta.

"Wa zai saya, ga siminti?"

A majema ban iya daɗewa ba, hancina bai ba ni haɗin kai ba. Abin da na tsinta shi ne jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, don haka yankakken fata in ya faɗi ƙasa ruɓewa yake. Irin wannan fata ta jan akuya ce ta riƙa keta Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Jimar zamani kuwa, irin ta masana'antun Challawa da Sharada da Bompai, da gishirin wani sinadari mai suna kuromiyam ake yi. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai ruwan da ta bari ba ya da magini mai jiransa. Aikin yarinyar ke nan: yadda za a tace kuromiyam ɗin daga ruwan a mayar da shi cikin gangar jima maimakon ya bi kwata.

Bayan azahar muka nausa Ƙofar Ruwa. Nan ne hankalina ya fi kwanciya, don mutanen wurin ba su da lokacin dogon turanci. Yaro ya turo kura, a ɗora kan sikeli, a ware ƙarfe gefe, jan ƙarfe gefe, alminiyam gefe. Mai wurin maganaɗisu yake ɗauke da shi a aljihu, abin da ya kama da wanda bai kama ba kuɗinsu daban. Ƙarfen a loda wa tirela a yi kudu da shi, ya dawo a matsayin rodi. Alminiyam kuwa ba ya nisa. A wani lungu na ga maƙeri ya danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi ya fitar da siffarta, ya kwarara narkakkun gwangwanayen lemo da guntun fistin ɗin mota. Kafin mu gama gaisawa ya fasa yashin, ga tukunya tana tururi. Yarinyar ta ce mini alminiyam na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Celsius, kuma sake narka tsoho na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake ƙonawa wajen samar da sabo daga ma'adini. Maƙerin bai san lissafin ba, ya dai san kuɗin gawayi.

Wurin 'yan roba ne zance ya canza. Wata mata na cire murafen gorunan ruwa tana jefawa a buhu daban. Na tambayi dalili, aka ɗebo ruwa a bokiti aka zuba dagargajajjen roba: na murfi ya taso, na gorar ya nutse. Ba jinsi ɗaya ba ne, in aka narka su tare kaya ya lalace. Ledar fiya wata ma tana da mai saye, a wanke, a narke, a yi baƙar leda. Amma can gefe akwai wani tsibi mai ƙyalli da ba wanda ya kula shi: bawon biskit, na taliyar yara, na madarar ƙulli.

Yarinyar ta ɗauki ɗaya ta ce wa mai wurin, "Alhaji, wannan fa?"

"Ko kyauta ba na so. Roba ce da siririn fallen alminiyam aka manne wuri guda. Ba ta narkuwa, ba ta rabuwa. Ku da kuke da boko, ku je ku faɗa wa masu yin ta."

Ta yi ƙoƙarin ɓare ledar da farce, ta ƙi. Ta ninke ta ta cusa a kwalba ta rubuta lamba.

Na sayi tukunyar nan da aka zuba a gabana, bayan ciniki mai zafi wanda na tabbata ni aka ci. A motar komawa na ɗora ta a cinya, har muka wuce Kwanar Dangora da sauran ɗuminta, yashin zubi na zubo mini a riga.