Rigar sandar giya: sai a ɗinki na biyu

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana kan rigar sandar giyar nan da na ce da hannuna zan canza.

Motar otomatik ce, tsohuwa, kuma a waje take wuni nan Jidda. Rigar da ta zo da ita ba fata ba ce, leda ce aka shimfiɗa a kan yadi. Rana ta gasa ta har tana ɓarewa kamar bawon gyaɗa. Na leƙa tashlih na Buraiman, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motocin da aka wargaza, duk wadda na ɗaga ta fi tawa shan wuya. Masu tanjid (ɗinkin kujeru da kayan cikin mota) a sana'iyya, unguwar makanikai, kuwa ba zai ɗauke su wuni ba, amma ni koyo nake so.

Ranar Juma'a bayan La'asar na fara cirewa. Ku ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ku ja burkin hannu sosai, ku kashe inji. Sandar ba ta barin P sai an kunna makulli an taka burki, amma kusa da ita akwai ɗan murfi ƙarami. Ɗaga shi, danna abin da ke ciki da sukudireba, sandar za ta saki ka kai ta N, sai hannu ya samu wurin aiki. Kan sandar kuma iri-iri ne: wani warware shi ake kamar murfin kwalba, wani, irin nawa mai maɓalli, wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ne ke riƙe da shi ta ƙasa. Kada ku murɗa da ƙarfi kafin ku duba. Firam ɗin roba da gindin rigar ke manne a jikinsa na ɓamɓare shi da sukudireba da na naɗe wa tsumma, duk da haka haƙori ɗaya ya karye. A ƙarƙashi akwai wayar fitilar haruffan giya, a zare ta tukuna.

Tsohuwar rigar kada ku yar, ita ce ma'auninku. Na farke ɗinkinta da reza, ta rabu gida huɗu, na sa wa kowanne lamba da alamar gaba, na zana su a kwali. Fatar da na yi aiki da ita ta akuya ce, kaurinta bai wuce milimita 1 ba, Kawu ne ya zo min da ita daga Kano lokacin Umara. Da Umma ta gan ni da allura da zaren nailan sai ta yi dariya: "Jinin Malam ne ke motsi." Kakanmu baduku ne kafin ya zo aikin Hajji ya zauna.

To, a nan na sha ƙasa. Na bi zanen tsohuwar daidai wa daida, na manta shekarun da ta yi a rana sun sa ta ƙanƙance. Na ɗinke, na shafa gam, na mayar da komai. A P kyakkyawa kamar daga kamfani, har na ɗauki hoto. Ina jan sandar zuwa D sai fatar ta ɗame ta gaba, gam ya saki, gefe guda ya fito waje. Wuni guda da rabin fata sun tafi.

A na biyu na ƙara santimita 1 a tsayi, na bar milimita 6 na bakin ɗinki. Kafin gam ya taɓa komai sai da na riƙe ta a jikin firam da salatif, na yi ta kai sandar daga P har giyar ƙarshe ina dawowa. In ba ta ɗan tattare ba a tsakiya, to ta yi gajarta. Wuyan kuma a juye ake ɗaure shi: ka juya rigar ciki ya koma waje, ka ɗaure bakin a jikin sandar da maɗaurin roba, sannan ka sauko da ita, ɗaurin ya ɓuya. Gam a shafa ɓangare biyu, a jira kamar minti 10 ya daina bin yatsa kafin a haɗa. Ku buɗe tagogi, warinsa na sa jiri.

Yau kwana tara, ba inda ya saki. Haƙorin da na karya ne ke ɗan ƙara in na hau kan tudun rage gudu, na cusa masa guntun soso kafin in samu wani firam. Ragowar fatar ina ganin za ta ishi rigar burkin hannu, ita zan farke Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.