Tarar da aka kasa biya ba dalilin ɗauri ba ce

A watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida na Nijeriya, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da shirin sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara ko diyya kaɗai ta tsare su, bayan an haɗa naira miliyan 585 ta gudummawa don biya musu. Na yaba kamar kowa, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi suka shiga ciki tun farko, alhali doka ta riga ta buɗe wa alƙali wata ƙofa.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba kotu damar jingine hukunci, ko ta sa mai laifi ya yi wa jama'a aiki yana kwana a gidansa, muddin laifin bai shafi makami ko lalata ba, kuma hukuncinsa bai wuce ɗaurin shekara uku ba. Dokar 2019, wadda ta mai da gidan yari gidan gyaran hali, ta ƙara da kafa sashe na musamman mai sa ido kan irin waɗannan mutane. A 2020 ma wata kotu a Legas ta yanke wa jaruma Funke Akindele aikin jama'a na kwana 14 da biyan tara saboda karya dokar kulle ta korona.

Shi kuwa wani yaron unguwarmu, mai koyon walda, da ya sace batirin mota, an ba shi zaɓin biyan tara ko ɗaurin wata shida. Mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta da tukunyar da take dafa wake, kuɗin ba su kai ba. Da ya fito, maigidansa ya riga ya ɗauki wani yaro, shi kuma ya dawo da abokan da ba mu san su ba.

Na fahimci tsoron alƙalai, domin idan ba jami'in da zai bi sawun wanda aka sallama, hukuncin ya zama wasa. Sai dai mai unguwarmu ya san ƙofar gidan yaron, ya san shagon da yake aiki, kuma da an ɗora masa rajistar zuwansa yashe kwata kowace safiya, da ya riƙe ta hannu bibbiyu. Ba wanda ya tuntuɓe shi.