Asabar a Kwalkwalawa, ƙarƙashin tsohon gawo

Sanyin asubar yau ya fi na jiya cizo. Ina idar da sallah na naɗe kyamara cikin tsohon rawani na cusa a jaka, domin ƙurar hunturu idan ta samu hanya ta shiga cikin gilashi, sai mai gyara. Na tsaya wurin mai shayi na sha mai zafi, sannan na tayar da mashin na kama hanyar Kwalkwalawa, wadda ke wucewa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Hazo ya sauko sosai. Masu kabu-kabu duk sun rufe fuska, fitilu a kunne, ga jakuna ɗauke da kayan lambu suna shigowa gari.

Abin da ya fitar da ni shi ne hoton da ɗan baffana da ke karatu a Landan ya turo mini ta WhatsApp daren Alhamis. Yana tsaye a wani wurin shaƙatawa na tsakiyar birnin, ya miƙa hannu da guntun tuffa, ga wata tsuntsuwa koriya shar mai dogon bindi ta sauka a kan yatsunsa tana ci. A bayansa ana hango Turawa da manyan kyamarori sun yi cirko-cirko. Ya rubuta cewa: "Yaya, dubi irin tsuntsayen ƙasar nan." Ina ganin hoton na ce wannan ai tsirya ce. Ita ce dai wadda muke ji tana tsala ihu a kan itatuwan mangwaro tun muna yara, wadda ake rataye wa a keji a zaure.

Ita tsirya ba 'yar Ingila ba ce. Asalinta wuri biyu ne: yankin Indiya da maƙwabtanta, da kuma wannan ɗamarar tamu ta Sahel, tun daga Senegal har Sudan da Habasha, arewacin Nijeriya na ciki. Ko sunan da masana kimiyya ke kiranta da shi an raɗa shi tun 1769, kuma daga baya Senegal aka ɗauka a matsayin asalin tsuntsuwar da aka raɗa wa. Waɗanda ke Landan jikokin na keji ne da aka kai daga Indiya, wasu suka kuɓuce, wasu aka sake su. Tun wajen 1969 aka tabbatar suna ƙyanƙyasa a sake a kudancin Ingila, yau kuwa dubbai ne. Haka suke a Burasel, babban birnin Beljiyam, inda wani mai gidan namun daji ya saki kusan 40 a 1974, haka a Amstadam da Istanbul. Sanyin can bai kashe su ba, saboda dangin nasu na arewacin Indiya sun saba da sanyin gindin duwatsun Himalaya, ga kuma mutane suna zuba musu abinci a bayan gidaje duk lokacin ƙanƙara. Ba kowa ke murna da su ba ma. Suna ƙwace kogunan itatuwa daga tsuntsayen ƙasar, a birnin Sebiya na Sifen har jemagu suke kora daga mazauninsu.

Mu a Sakkwato ba mu da irin waɗancan manyan filayen shaƙatawa masu tsofaffin itatuwa a tsakar gari. Abin da muke da shi su ne inuwoyin unguwannin ma'aikata na da, da harabar makarantu, da lambunan fadama a bakin gulbin Rima. Can na nufa.

Na ajiye mashin kusa da gada na gangara da ƙafa. Albasa ta yi kyau bana, fangali bayan fangali, ga injin ban-ruwa yana ta tari. Balbela sun jeru a bayan mai huɗa, shirwa na shawagi a sama, hasbiya biyu a kan wayar lantarki. Kafin in ɗaga kyamara a gonar mutane sai na nemi mai ita, domin a irin wannan zamani dogon gilashi a hannun baƙo abin tambaya ne, kuma suna da gaskiya su tambaya. Na iske wani dattijo a tsugune yana gyara bakin kwata, ya naɗe wando har gwiwa cikin wannan sanyi.

"Salamu alaikum. Baba, ina kwana? Ya sanyi?"

"Lahiya lau, ɗana. Sanyi lokacinai na. Mi kaka biɗa da wanga abu?"

Na ce masa tsirya nake nema in ɗauki hotonta. Ya miƙe tsaye ya dube ni da kyau. "Tsirya? Ɓarauniyar gwaba? Mu muna kora, kai kana biɗa." Ya ce ba ta cin ɗiya guda ta ƙare, sai ta gatsa wannan ta yar, ta koma wancan, kuma idan dawa ta nuna haka take yi wa zangarniya. Ban yi masa gardama ba, domin shi ya san asarar da yake yi. Amma da ya gama faɗa sai ya nuna mini da haɓa can ƙarshen lambun, inda wani tsohon gawo yake tsaye shi kaɗai. Ya ce in je in zauna, in ba ni da gaggawa za su zo.

Gawo itace ne mai nasa hali. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi a tuɓe yake, sai rani ya shigo ya fitar da ganye. Shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana, ga 'ya'yansa abincin awaki da tumaki. Wannan na Baba ya tsufa ƙwarai. Wani babban reshe ya taɓa karyewa, wurin ya ruɓe ya zama kogo, bakinsa bai fi a zura dunƙulen hannu ba. Gefen bakin ya yi sumul, an ga alamar gatsa sabuwa. Tsirya ba ta haƙa rami daga farko. Tana neman wanda maƙwaƙƙwafi ya bari ko wanda ruɓa ta yi, ta ɗan faɗaɗa shi da baki. A nan ƙasarmu kuwa da rani take ƙwai.

Na samu gindin wata magarya na zauna, rana a bayana. Wahalar hoto da hunturu ita ce sararin sama. Fari ne fat, kuma idan tsuntsu ya tsaya a gabansa kyamara takan ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin kamar an yanko shi daga takarda. Magani biyu ne. Ko ka ƙara hasken da hannunka mataki ɗaya ko biyu, ko kuma, wanda na fi so, ka yi ta matsawa har ka samu duhun ganye ko jikin itace a bayan tsuntsun. Na ja jiki kaɗan zuwa hagu har kututturen gawon ya cika bayan kogon. Gilashina mai milimita 300 ne, na hannu na saye shi, kuma ba ni da ƙafar ɗora kyamara, don haka na jingina kafaɗa da magaryar, na dafe gwiwar hannu a kan gwiwa. Na sa saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 800 saboda hasken bai yi ƙarfi ba tukuna. Na kuma mayar da saitin kama hoto tar zuwa ɗigo ɗaya tak, domin koren tsuntsu a cikin koren ganye yana rikita kyamara, sai ta kama ƙaya ta bar tsuntsun.

Na daɗe a zaune. Ƙafata ta yi sanyi, yatsuna sun ƙage. A bakin ruwa wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki yana bin sawun shanu yana kaɗa jela. Shi ne baƙon gaskiya a wurin nan. Daga Turai yake, nauyinsa giram 20 ko ƙasa da haka, ya ƙetaro teku da Sahara ya zo cin ƙwarin fadamarmu, kuma kafin damina zai koma. Na ɗauke shi, amma ya yi nisa.

Kukan tsiryar da nake jira na fara ji kafin in ga tsuntsun, kaifi gare shi, yana tahowa daga wajen gulbi. Sai ga shi ya shigo a guje, fukafukai siri-siri, bindi a miƙe, ya sauka a reshen da ke saman kogon. Namiji ne. Baƙin zare ya taso daga ƙarƙashin haɓarsa ya zagayo wuya, a ƙeya ya koma ruwan hoda, sama da shi kuma ɗan shuɗi-shuɗi. Macen ba ta da wannan sarƙa, shi ma namijin sai ya kusa shekara uku take fito masa sosai. Tsawonsa duka wajen santimita 40, amma fiye da rabi bindi ne. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya. Ban motsa ba. Ya gangaro a hankali, yana kama ɓawon itacen da baki sannan ya jawo ƙafa, har ya iso bakin kogon ya yi wani ƙaramin sauti da ban taɓa jin tsirya ta yi ba, can ƙasa-ƙasa.

Macen ta leƙo. Da farko baki kawai, sai kai, sai ta fito rabin jiki. Ƙwayar idonta ta tsuke ta zama ɗigo, farin da ke kewaye ya bayyana, ta ɗaga kai tana juya shi. Shi kuma ya yi ta gyaɗa wuya sama da ƙasa har ya dawo da abin da ya ciwo, suka sarƙe baki ya ɗura mata. Ya ja baya, ya sake. Da ta fito gaba ɗaya ta miƙe fiffike sai na ga bindinta ya lanƙwashe gefe guda, gashin ya yamutse, saboda zaman da take yi a ƙuntataccen wuri. Wannan ya nuna mini kwanci take yi. Ita kaɗai ke kwanci, sati uku da 'yan kwanaki, shi ke ciyar da ita, 'ya'yan kuma sai sun yi wajen sati bakwai kafin su tashi. Ban san lokacin da na daina jin sanyi ba. Na yi ta dannawa har ta juya ta koma ciki, bindin ne ƙarshen shiga.

Ina duba abin da na samu sai na ji mutum a kaina. Wani yaro ne, bai wuce shekara goma sha biyu ba, danƙo rataye a wuya. "Malam, ina ramin yake?" Na juya kyamarar na nuna masa hoton ɗan tsuntsun Turai, na tambaye shi ko ya san daga inda ya zo. Bai kula ba. Ya ce yayansa yana ciro 'ya'yan tsirya tun ba su yi gashi ba, a rene su da gero jiƙaƙƙe, a kai kasuwa. Kafin in ce wani abu Baba ya ɗaga murya daga cikin albasa: "Kai, wuce! Gawon ga nawa na, ba mai hawa nai." Yaron ya yi gaba yana waige.

Abin ya ba ni mamaki, mutumin da ya gama zagin tsirya ɗazu. Da na koma wurinsa ya miƙo mini karas da ya wanke a kwata, muka zauna a kan kunya. Ya ce kora daban, ɗebe ɗiya daga gaban uwa daban. Ya ce kafin ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a, gawo da tsamiya sun fi haka yawa a wannan gefen, wasu ruwa ya kayar, sauran gatari ya ci. Kuma mai saran itace, in ji shi, wanda ya yi kogo yake fara dubawa, don ana ganin ya riga ya mutu, ba wanda zai yi faɗa a kansa.

Wannan magana ita ta tsaya mini a rai duk yinin yau. Ban ga laifin mai neman itacen girki ba, kowa ya san kuɗin gas da na gawayi. Amma itacen da muke ganin ya gama amfani shi ne gidan da tsirya da cilakowa da mujiya suke shiga. Muna dashe, gaskiya ne, Sakkwato cike take da dogon yaro, wanda shi ma asalinsa Indiya ne, kuma ba ƙaramar rahama ba ce inuwarsa a watan Afrilu. Sai dai dashen bana ba ya da kogo. Kogo sai itace ya shekara da shekaru, reshe ya karye, ruwa ya shiga, ƙwari su yi aikinsu. Tsiryar Landan ta yi yawa ne domin ta iske tsofaffin itatuwa da aka bari a tsaye cikin gari. Tamu tana gida, amma wurin kwanciya yana ƙaranci a hannunta.

Na dawo gida kafin azahar. Na goge jikin kyamara da tsumma mai laushi, na hure gilashin, ban cire shi ba sai da ƙura ta lafa a ɗaki. Da la'asar wuta ta dawo na zuba hotunan a kwamfuta. Mafi yawa sun tafi, ko reshe ya gitta ko motsi ya ɓata. Amma akwai guda da bakunan biyu ke sarƙe, idon macen ya fito tar, har ana ganin ƙurar itace a kan goshinta. Na ajiye shi kusa da na ɗan baffana na ƙara girmansu. Bambancin a baki yake. Ta Landan bakinta babba ne ja wur, tamu kuwa nata ƙarami ne, jan ya yi duhu, tsininsa ya koma baƙi-baƙi, jikin ma ta fi ƙanƙanta kuma korenta ya fi ɗaukar rawaya. Na tura masa duka biyun na ce ya duba da kyau, ya kuma nuna wa abokansa masu kyamara.

Kafin in sa hoton a ko'ina na goge bayanin wuri da ke maƙale a jikinsa, na kuma yanke shi yadda ba za a gane itacen ba. Na shigar da tsuntsayen da na gani yau cikin manhajar ƙidayar tsuntsayen Nijeriya, aikin da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta. Su murabba'in taswira da aka ga tsuntsun a cikinsa suke so, mai faɗin kilomita 9 ko kusa da haka, ba sa bukatar sanin wane gawo ne.

Baba ya roƙi abu guda da za mu rabu. Ya ce tunda na ɗauki ɓarauniya, in ɗauki mai lambu ma, kuma a takarda yake son nasa, ba a waya ba. Na ɗauke shi tsaye cikin albasarsa, fartanya a kafaɗa. Ranar Litinin in na tashi daga aiki zan biya wurin masu wanke hoto a buga masa babba, in haɗa masa da na tsiryar.